Tukunyar Kyauta Ba A Ƙwanƙwasa Ta

Litinin, 8 ga Maris, 1965. Dutsin-Ma.

"Ke dai ki gaya mata, ni na gaji. Ba ke kika yi jami'a ba? Ai sun koya maku yadda ake lallashin tsohuwa."

Labaran ke nan, ko akwati ban ajiye ba. Na ce masa ranar da aka yi wannan darasin ban je aji ba. Ya yi dariya, ya kira ni matar Nasara kamar yadda ya saba tun muna yara. Shi ɗan Gwaggo Kyauta ne, ni ɗiyar ƙaninta, kuma Labaran bai san wata hanyar faɗin magana mai nauyi ba sai ta wasan taubasai.

Abin da yake so shi ne uwarsa ta bar ginin tukwane, ta bar kasuwar Kurfi, ta dawo gidansa. Ya gina mata ɗaki, daɓen siminti, ƙyauren kwano. Ya kai ni na gani. Ɗaki mai kyau, irin wanda ake ajiye kayan da ba kullum ake bukatarsu ba.

Kantinsa cike yake da kwanoni masu furanni da tukwanen ƙarfe. Ya ce kunya yake ji a ce uwar mai kanti na zama cikin rana tana tallar laka. Ya daɗe a kan maganar kunya. Sai da na miƙe sannan ya ce kunnenta ya fara tafiya, yana faɗi yana duban ƙasa. Wannan ita ce maganar, sauran ganye ne.

Na ce zan duba. Wata ɗaya na ɗauko daga ofis a Kaduna, kuma ban zo da niyyar gyara kowa ba.

Talata, 9 ga Maris. Kurfi.

Sallama uku a ƙofar gida, shiru. Na shiga na same ta zaune a ƙasa ta ba ni baya, ta kife tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓu a kanta tana bugawa da ɗan dutsen nan mai sulɓi. Dutsen ya girme ni. Inuwata ta fara gani.

"Wa nake gani kamar Sa'a? Kin rame. Ashe takarda ba ta sa ƙiba."

Ta ce iska ce ta ɗauke sallamar. Ko ganye ba ya motsi a tsakar gidan.

Ita ta riƙe ni tun ina shekara uku, bayan rasuwar mahaifiyata. Hannunta na nan yadda na san shi, kamar bawon itace. Ta shafa mini kumatu ta bar mini laka, ban goge ba sai da ta juya.

Alhamis, 11 ga Maris.

Baki take kallo. In na yi magana tana dubana, tana kama rabi, ta ƙarasa sauran da wayo. In ta juya, ko gidan zai faɗi. Kowa a unguwar ya koyi tsayawa gabanta kafin ya buɗe baki, kuma kowa na yi kamar haka ake gaisuwa tun fil'azal.

Ban yi maganar Labaran ba.

Asabar, 13 ga Maris.

Kasuwa. Sawu huɗu muka yi da kaya, ni da ita da Kande, maƙwabciyarta mai sayar da daddawa. An naɗa mini gammo aka ɗora mini tulu, ban yi taku goma ba na sauke shi na rungume a ƙirji kamar jariri. 'Yan hatsi sun sami abin kallo. Kande ta ce kada in damu, kan Malama cike yake, ba wurin tulu.

Wurin Gwaggo ƙarƙashin tsamiya ne, bayan rumfar masu gishiri. Shekara arba'in tana wurin, har saiwar ta lotsa daidai zamanta. Magina uku ne a layin. Sauran biyun, duk wadda ta zo saye sai ta ɗaga tukunya ta ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, ta saurara, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ƙwas, ƙwas, har la'asar. A wurin Gwaggo ba mai yin haka. Mace ta nuna, a yi ciniki, ta ɗauka ta tafi.

Na san dalili tun ina yarinya, amma Kande ta ga ya kamata a tuna wa 'yar boko: tukunyar Kyauta ba a ƙwanƙwasa ta. Ita ta riga ta ƙwanƙwasa a gida, abin da ya zo kasuwa lafiyayye ne. Wadda ta ƙwanƙwasa mata tukunya a gabanta, kamar ta ce mata maƙaryaciya ce. An ce sau ɗaya wata baƙuwa daga Mani ta gwada, matan layin suka kalle ta har ta ajiye ta ba da haƙuri.

Abin da ya rage mata ke nan. Kwano ya ci rabin cinikin, tukunyar ƙarfe na cin sauran. Amma har yanzu ana tasowa daga Birchi, a wuce magina biyu, a zo gindin tsamiya.

Da Gwaggo ta tafi salla, Kande ta matso. Ta ce ba tsegumi take ba, Allah na gani, amma tukwane uku sun tsage wa mutane a kan wuta. An yi shiru ne don girmanta. "To wanda ba ya jin sallama, Malama, ya za a yi shi ji tukunya?"

Tambaya ce mai hankali. Na ji haushin ba ni na fara yinta ba.

Lahadi, 14 ga Maris.

Zafi. Ruwan randarta sanyi kamar daga rijiya, na sha har cikina ya ƙulle. A Kaduna muna da firiji a ofis, ruwansa ba ya ƙanshin komai.

Laraba, 17 ga Maris.

Jiya da yamma aka toya na wannan makon a bayan gari, cikin ramin da suke kira matoya: tukwane a jere, kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a kai, sai wuta. Yau da hantsi, da suka huce, aka kwaso su gida ta zauna tantancewa.

Na tsaya nesa saboda toka. Ta sami wata sabuwar ɗabi'a: sai ta ɗaga tukunya ta kara ta a muƙamuƙinta, ta rufe ido, sannan ta ƙwanƙwasa. Manyan kuma sai ta karkato su ta kifa goshi a kai. Kamar mai rarrashin yaro. Abin tausayi, tsohuwa na kwaikwayon saurare. Na lura da fuskarta sosai, har na shirya yadda zan rubuta ta.

Masu lafiya ta jera su kan yashi gaban ɗaki. Waɗanda ta ƙi, sai ta zura hannu ciki da wata tsohuwar ƙusa, ta ɗan taɓa, ta sa in kai bayan ɗaki in kife kan duwatsu.

Na bayan ɗaki na kabari ne. In aka yi rasuwa, Malam Audi mai haƙar kabari yakan zo ya ɗauki manya, a raba su biyu, a rufe ramin ciki da su kafin a tura ƙasa. Ba ta taɓa karɓar komai a kansu ba. Takan ce mai rai shi ke bukatar tukunya mai riƙe ruwa, mamaci ba ruwansa da tsaga. Yau ma ya zo, wani tsoho ya rasu a unguwar mahauta. Ya gaishe ni ya tambayi mutanen Kaduna, kamar yana lissafin ranar da za su zo hannunsa.

Juma'a, 19 ga Maris.

Ta tafi barka gidan su Turai, za ta kai azahar.

Na yi abin da ya kamata mai kunne biyu ya yi. Na ɗauki makullin akwatina na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina buga bakinsu. Na kan yashi yawancinsu sun amsa, amma manya biyu suka yi wani sauti a dakushe. Na zagaya bayan ɗaki, cikin na kabari manya biyu suka yi ƙara garau kamar ƙararrawar makaranta. Na sake bugawa sau uku, don a jami'a an koya mana kada a yarda da gwaji ɗaya.

Na musanya su. Uwa ɗaya ta haife su, daga bayan tukunya ɗaya aka buga su, ba mai rarrabewa. Na share sawuna da tsintsiya.

Ba za ta sani ba, sunanta zai tsira, Labaran kuma ya ci gaba da ajiye buhunan gero a ɗakin simintinsa. Na wanke hannu na ji daɗin kaina ƙwarai. Rabon da in yi wani abu mai amfani da hannuna na manta.

Asabar, 20 ga Maris.

Kasuwa ta yi kyau. An sayi tanda biyu, shantalin alwala, tuluna huɗu, da ɗaya daga cikin manyan da na ceto.

Wata mata daga Birchi ta saye ta, Larai. Doguwa, mai faɗin murya, irin waɗanda Gwaggo ke ji ba wahala. Ɗiyarta Hawwa'u ta haihu, haihuwar fari, ta zo gida wanka. Tukunyar dafa ruwan jego take so, wadda za ta sha wuta safe da yamma kwana arba'in. Ta ce uwarta ma a gindin tsamiyar nan ta sayi tata lokacin da aka haifi Hawwa'un.

"To wagga ta jika ce," in ji Gwaggo. "Ki fara dama mata ruwan dusa ki dafa, kada ki gaggauta mata wuta."

Larai ba ta ko dubi cikinta ba. Ni na taya ta ɗorawa a ka.

Laraba, 24 ga Maris.

Yau ta ba Kande labarin randa, karo na ɗari. Shekarar da mutanen mai gari ke bi gida gida suna ɗibar 'yan mata makaranta, masu hali suka ɓoye nasu, aka zo kan ɗiyar riƙon maginiya. Gwaggo ta cusa ni cikin sabuwar randa ta ɗora faifai. Suka duba ko'ina, har sun kai ƙofa, toka ta shiga hancina na yi atishawa.

"Atishawa ɗaya ta kai ta har Badun," in ji ta. "Da ta daure, da yanzu ta iya ɗaukar tulu."

Muka yi dariya. Na tuna duhun cikin randar da ƙanshinta, da muryarta tana rantsuwa cewa na tafi Birchi. Ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai ranar, kuma don ni.

Na rubuta wa Labaran 'yar takarda cewa uwarsa lafiyarta ƙalau, ya bar ta da sana'arta.

Asabar, 27 ga Maris.

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Wajen hantsi Larai ta zo. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance ƙullin zane gaban Gwaggo, tsingaro ya zube, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta ce kwana huɗu tukunyar ta yi. Ranar Laraba da safe, ruwa na tafasa, tukunyar ta buɗe daga gindi har wuya. Hawwa'u na zaune kusa da murhu tana jiran a kwashe. Ƙafar dama, daga gwiwa zuwa ƙasa. Jaririn yana ɗaki, Allah ya tsare. An ɗauke ta a jaki zuwa bakin hanya, mota ta kai ta ɗakin shan magani a Dutsin-Ma.

Ranar Laraba da safe. Muna dariyar randa.

Larai ba ta zagi kowa ba. Da ta yi zagi da ya fi. Ta durƙusa ta ɗauki tulu na farko a layin Gwaggo, ta ɗaga shi sama, ta ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa. Ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. Masu gishiri suka daina awo. Kande ta sa gefen zane a baki.

A lokacin na fara ji. Sai a ɗaga tukunya daga ƙasa, kuma ciki ake bugu, ba baki ba. Mai lafiya tana jan sautin, kamar ba ta son sakinsa. Ɗaya bayan ɗaya suka amsa mata haka, duk wanda Gwaggo ta zaɓa. Sai ta zo kan babbar da ta rage, ta biyun da na ceto. Ta karkato ta ta buga. Ƙwaf. Kamar an bugi ɗanyen kabewa. Ko ni na ji. Ko 'yan hatsi sun ji.

Ashe baki kan yi ƙara ko ciki ya tsage, in an kife ta kan dutse. Ashe yashi na shanye muryar mai lafiya. Duk yarinyar da ta taɓa zuwa sayen tulu ta san wannan.

Gwaggo ba ta kalli Larai ba, tsingaron take juyawa. Ta ɗauki na wuyan, ta zura babban yatsa ta ciki, yatsan ya tsaya. Na ga abin da ya taɓa: zane uku na ƙusa. Alamar na kabari. Ta jawo babbar ta zura hannu, nan ma ta samu.

Ta ɗago. Ina tsaye daidai gabanta, inda kowa ke tsayawa in yana son ta ji shi. Bakina a buɗe yake, na tabbata, amma ba abin da ya fito da za ta karanta.

Ta juya ga Larai ta yi magana da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, har layin mahauta:

"Larai, kunnena ne. Ya mutu tun bara na ɓoye. Ba laifin yumɓu, ba laifin wuta. Ki yafe mani, ki ce wa ɗiyar ta yafe mani."

Sannan ta bi tukwanen tana kifewa, har masu lafiyar. Ta naɗe tabarmarta. Rana ko tsaka ba ta yi ba.

Lahadi, 28 ga Maris.

Ta yi tuwo, ta zuba mini, ta ce in ci kada in koma da rama a ce ba ta riƙe ni da kyau ba.

Talata, 30 ga Maris. Dutsin-Ma.

Na je na ga Hawwa'u. Ba ta fi shekara sha bakwai ba. An shafa mata maganin nan mai shuɗi an rufe da ƙyalle, ƙuda na neman hanya, ƙanwarta na kora. Tana shayarwa a kwance. Malamin asibiti ya ce ƙafar za ta warke, amma fatar za ta tattare a bayan gwiwa, wataƙila ta riƙa ɗan ja.

Na kai sabulu da zane da gwangwanin madara. Larai ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai ba ruwana, tsufa ne, kowa zai je. Har ta ce in gaya wa Inna Kyauta ta huce, zafin zuciya ne ya sa ta yi abin da ta yi a kasuwa. Na ce to. Na iya cewa to da harshe uku.

Labaran ya riga ya ji. Gwaggo ta aiko masa tun Lahadi cewa ya share ɗakin. Ya karɓe ni da fara'a da kaza. Ya ce ya ga takardata, ya gane dabara ce irin tamu ta 'yan boko, a nuna hagu a bugi dama. Ya ce bai san yadda na yi ba, amma shekara biyu yana fama, ni mako uku.

"Ilimi dai ilimi ne, matar Nasara."

Na ci kazar. Ban san abin da ake yi da kaza ba in ba ci ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu. Kurfi.

Na tsare Kande a kan tukwane ukun da ta ce sun tsage. Da na matsa, uku suka koma biyu. Ɗaya bara ce, farkon lalacewar kunnen, kafin Gwaggo ta koyi kara su a muƙamuƙi. Ɗayar kuma, da aka bi sawu, akuya ce ta ture ta. Kande ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa.

Ta ce ai Kyauta da ƙashi take ji yanzu. In ta kara tukunya ta buga, rawar na shiga mata haƙori, mai tsaga kuwa ba ta rawa. Ta ɗauka na sani. Kowa ya sani.

Da la'asar na sami Gwaggo tana wanke dutsenta. Na durƙusa gabanta, na riƙe mata hannu don ta dube ni, na faɗa a hankali, baki buɗe: ni ce na musanya su.

Ta kalli bakina har na gama. Ta ce, "Ban ji ba." Na sake, da ƙarfi. Ta ce yau kunnen ya yi nauyi ƙwarai, in bari sai wani lokaci. Ta ci gaba da wankin dutse.

Na ce zan je Birchi da kasuwa in faɗa da bakina. Wannan ta ji. Ta ce wadda za ta koma Kaduna mako mai zuwa ba ta da abin da za ta ba Kurfi sai abin taɗi. Ta ce an riga an rufe, kada in tone. Ko da na faɗa, in ji ta, an dai ƙwanƙwasa, kuma ba a mayar da shi.

Asabar, 3 ga Afrilu.

Kasuwa na ci, ana jin hayaniyarta daga tsakar gida. Ni nake ji. Ita tana tsintar wake.

Kande ta ce wata mai tabarmi ta riga ta shimfiɗa a gindin tsamiya.

Litinin, 5 ga Afrilu.

Ɗaurin kaya. Ba su da yawa. Sauran yumɓun da ta jiƙa ta ba ɗaya daga cikin maginan layin. Tsohuwar tukunyar da take bugu a kanta ta ce a bar ta nan, ba ta son tafiya. Dutsen kawai ta ƙulle a bakin zane.

Ta aika aka kira Malam Audi. Ta ce duk abin da ke gaban ɗaki da bayansa nasa ne, masu lafiya da marasa lafiya, ya kwashe ya ajiye wa mutanen gari. Ya ce Inna, masu lafiya ai asara ce. Ta ce to su waye za su saya, sai an ƙwanƙwasa?

Muka zagaya bayan ɗaki mu uku. Ta bi manyan tana zura hannu ciki, har ta zo kan biyun da ba su da zanen ƙusa. Ta karkato ɗaya, ta kifa goshi, ta buga. Na ji ta daga inda nake, tana ja, tana ja. Ta kama wuyana ta kara muƙamuƙina a jikin tukunyar ta sake bugawa. Ya shiga mini har haƙori.

"Malam Audi, waɗannan biyun ka ware su. Nawa ne. Ko a Dutsin-Ma na cika, a zo a ɗauka." Ta dafa ɗayar kamar kan yaro. "Ni kaɗai za a rufe da tukunya mai lafiya a ƙasar nan. Ɗiyata ta zaɓa mani."

Malam Audi ya ce Allah ya sa da nisa. Ya yaba da hankalina.

Laraba, 7 ga Afrilu. Tashar mota, Dutsin-Ma.

Mota ba ta cika ba, direba ya tafi cin abinci. Ina rubutu a kan gwiwa.

Jiya muka kawo ta. Matar Labaran ta jera mata kwanoni masu furanni a kan kantar ɗakin, ta kawo ruwa a bokitin ƙarfe. Gwaggo ta kurɓa ta ce madalla, ta ajiye. Ta zauna bakin gado hannuwanta a cinya, tafin sama. Ban taɓa ganinsu a wanke haka ba.

Da safe na biya wajen Hawwa'u. Ta taka ƙafar, da sanda. Na ce zan dawo in gani bayan Salla. Larai ta yi mamaki, ni ma haka.

Akwai takarda a jakata zuwa ga ofis, ta neman a maido ni aiki Katsina. Kaduna ta yi tsada, kuma ruwanta bai taɓa karɓata ba. Ba wani abu ba ne.

Akwai kuma ƙaramin tulu a cinyata. Yaron mota ya ce a ɗora shi sama da kaya, na ƙi. Gwaggo ce ta ba ni, daga ƙullin kayanta ta fito da shi, ban san ta taho da shi ba. Na karɓa na riƙe. Ta tsaya tana jira. Ta ce ba zan duba ba? Na ce tukunyar Kyauta ba a ƙwanƙwasa ta. Ta kalli bakina. Wannan karon ba ta ce ba ta ji ba.

Ba ta raka ni zaure ba, ta ce simintin na sa mata ciwon ƙafa. Daga bakin ɗakin ta ce in gaida mutanen Kaduna, in riƙa cin abinci. Na yi taku kaɗan na juya na ce mata wani abu, ba shi da amfani in rubuta. Ta riga ta ba ni baya. Ta jawo ƙyauren kwanon, ya yi ƙara sosai da ya rufu, har kajin gidan suka watse. Ita ba ta ji ba.

Na ɗauki akwatina na fito.